Waiwaye: Tagwayen 1987 da Katin Ɗan Isa

Ranar Laraba, 23 ga Satumba 1987, ina aji shida na firamare, aka ce an ba mu jiha. A bakin titin Katsina zuwa Jibiya, daidai inda motoci ke tsayawa a Daddara, kawuna yana da rumfar shayi da wata tsohuwar rediyo wadda ya ɗaure wa murfin batir da robar tayar keke. A nan labarin ya iske mu, cewa Janar Ibrahim Babangida ya yanke Katsina daga Kaduna. Direbobi suka yi ta danna oda. Mai tsiren da ke kusa da mu ya yi kyautar tsinke ɗai-ɗai, abin da ko da salla ba a taɓa ganin ya yi ba. Mu kuwa yara muka bi titi a guje, muna ihun abin da ba mu san ma'anarsa ba.

Jihohi biyu aka haifa ran nan. Sunan ɗayar ya gagari bakin kowa a rumfar: Akwa Ibom. Wani kwandasta da ya taɓa bin motar shanu zuwa Kalaba ya ce ai can bakin teku take, inda ruwan sama ba ya gajiya. Kawu yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, ya ce, "To, tagwaye ke nan. Sai mu ga wanda za ya riga ɗan'uwanshi tahiya." Aka kwashe da dariya, aka ci gaba da hira.

Shekara 31 bayan wannan dariya, a 2018, ina koyarwa a wata sakandare, wani abokin aikina ya shigo ɗakin malamai da jarida ya shimfiɗa ta a kan tebur. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta fitar da rahoto a kan Najeriya, a cikinsa har da jerin jihohi 36 da Abuja bisa abin da suke kira ma'aunin ci gaban ɗan Adam. Legas ce a sama da maki 0.65. Akwa Ibom tana cikin na gaba-gaba da 0.56. Na bi jerin da yatsa ina gangarawa, na wuce jihohin Yarabawa, na wuce na Ibo, na wuce Binuwai da Filato, har na wuce Barno da Yobe waɗanda ke cikin yaƙi a lokacin. Katsina tana ta biyun ƙarshe da 0.30. Sakkwato kaɗai ke ƙarƙashinmu.

Shi wannan ma'auni ba wani tsafi ba ne. Wani masanin tattalin arziki ɗan Pakistan, Mahbub ul Haq, shi da abokinsa Amartya Sen ɗan Indiya, su suka assasa shi, aka fara buga shi a 1990. Abin da ya dame su shi ne yadda ake auna ƙasa da kuɗin da take samu kawai, kamar mai yaba gida don girman rumbunsa bai leƙa ya ga ko yaran sun ci tuwon dare ba. Sai suka ce a yi tambaya uku: jaririn da aka haifa yau shekara nawa ake sa ran zai yi a duniya, shekara nawa mutane ke yi a makaranta, kuma nawa ke shigowa hannun mutum guda a shekara. A haɗa amsoshin a fitar da lamba tsakanin sifiri da ɗaya. Iyakarta ke nan.

Ɗakin malamai ya kaure. Ni ne ma na fi kowa ɗaga murya, kuma har yau ina ganin hujjojin da na kawo ba na banza ba ne. Ta farko, ma'aunin shekarun zaman aji yake ƙirgawa, na boko. Kawuna ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, bashin shayin da direbobi ke ci kuma da ajami yake rubuta shi a wani littafi mai baƙin bango, bai taɓa ɓatar da ko sisi ba. A wannan lissafi sifiri aka ba shi, daidai da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. Ƙasar da ta ga Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ƙasar da ɗanta Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafin hisabi ya rasu a Alƙahira a 1741, a ce ita ce jahila? Ta biyu, man fetur. Akwa Ibom a kan rijiyoyin mai take zaune, tana karɓar kashi 13 cikin ɗari na musamman da tsarin mulki ya ware wa jihohin da ake haƙo arziki a cikinsu. In aka raba kuɗin mai a kan kawunan mutane a takarda, kowa zai fito da ƙiba, har masuncin da bai taɓa ganin kuɗin ba.

Da na kai wa kawu labarin yadda tagwayensa suka ƙare, ya riga ya tsufa, ya bar wa 'ya'yansa rumfar. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Wa ya auna? Da wace tiya?" Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar Jibiya ya san nauyin wannan tambaya. Akwai tiyar saye, akwai tiyar sayarwa, akwai wadda aka bubbuga wa gindi ta ciki.

Daga baya ma aka gaskata shi. A Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake awo da wata tiya, wadda ke duba ruwan sha da makewayi da makamashin girki da nisan asibiti da zuwan yara makaranta. Ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasa, suna cikin talauci ta fuskoki da yawa. Sakkwato ce ta fi kowa da kashi 90.5. Mai bi mata kuwa Bayelsa ce da 88.5, Bayelsar da ke kan mai, wadda jerin 2018 ya ajiye a matsayi na uku daga sama. Ashe lamba tana iya sa wa mutum babbar riga alhali ba wando.

Tun daga muhawarar ɗakin malamai na rataya hujjojina biyun nan kamar laya, kusan shekara guda ina yawo da su. Duk wanda ya taɓo zancen koma-bayan Arewa sai in zaro masa. Damina ɗaya ta raba ni da su.

A watan Agustan 2019 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. Bayan 'yan makonni, gero ya nuna ana shirin yanka, ƙanwata da ke aure a wani ƙauye can ciki ta iso gidanmu na Daddara da goyo. Yaron wata 14 ne. Ciki ya shigo mata da wuri, aka yaye shi ba shiri, sai gudawa, sai zazzaɓi, sai ya daina karɓar koko. Ta kai shi ɗakin shan maganin ƙauyensu sau biyu tana iske kwaɗo a ƙofa, aka ce ma'aikacin sai ranar kasuwa yake zuwa. Mai kemis ya ba ta kwalabe uku ya yi wa yaron allura. Da ta kwance shi a tabarmar Inna, ban gane shi ba. Gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa sun kumbura suna sheƙi, kuka ma ba ya iyawa, sai wani ɗan sauti kamar na mage.

Na ce a tashi mu tafi Katsina. Inna ta ce, "Ɗan Isa za a kai shi."

Na ce, "Inna, Nijar fa? Ga birni nan kusa, da manyan asibitoci. Kuma an rufe boda."

Ta dube ni yadda take dubana tun ina yaro in na faɗi shirme. Ta ce, "Kai ka san takarda, mu mun san inda ɗiya ke tashi. Birni za ka sayi kati, ka sayi gado, ka sayi ruwa, ka sayi jini. Albashin naka nawa ne? Can ko kwabo ba su amsa."

Kafin asuba muka hau babura biyu. Ba mu bi ta Magama ba, inda shingen kwastan yake. Ɗan acaɓan ya saki kwalta ya kutsa cikin gonaki, karan gero na marin gwiwoyinmu. Muna tafe muna cin karo da 'yan fito suna dawowa, kowane da buhunan shinkafa ɗaure a bayan babur, ba fitila. Ban san lokacin da muka bar Najeriya ba. Ƙasa ɗaya ce, gawo ɗaya ne a gonakin, sallamar da manoma ke amsa mana ɗaya ce. Wayata ce kawai ta yi ƙara da saƙon Faransanci.

A Ɗan Isa ba a tambaye mu takardar ƙasa ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta karɓi yaron, ta zagaya wani ɗan tef mai launi uku a damtsensa, ya tsaya a kan ja. Ta danna bayan ƙafarsa da babban yatsa ta ɗaga, ramin ya zauna bai taso ba. Ta ce tamowa ce mai tsanani, za a kwantar da shi. Aka zura masa siririn tiyo ta hanci, aka fara ba shi wata madara ta musamman kaɗan-kaɗan, dare da rana, ana rubutawa. Da ta ji ni malamin makaranta ne, sai ta koma kirana "Mushe", kamar yadda suke kiran malaman lakwal. Na fita na zauna a inuwa, inda mata ke shanya zannuwa, na kasa kunne. Wannan daga Jibiya, waccan daga wajen Batsari, wata daga Kaita, wata ta ce daga ƙasar Zamfara ta taso tun shekaranjiya. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, da ke tallafa wa wurin tare da asibitin Madarumfa, ta sha faɗa a rahotanninta cewa yara masu yawa da ake kwantarwa a can daga Najeriya ake kawo su. Ni kam gani ya kori ji.

Kwana 11 suka yi. Aka sallame su da ƙunshin abincin nan mai kama da tunkuza a 'yan ledoji, da gidan sauro, da kati.

A hanyar dawowa ne lissafina ya rikice. A rahoton duniya na 2020, cikin ƙasashe 189, Najeriya ce ta 161 da maki 0.539. Nijar ce ta 189, ta ƙarshe ɗungurungum, da 0.394. Takarda ta ce kudu ne gaba. Amma uwa mai goyon da ke mutuwa a hannunta ta fuskanci arewa, kuma ita ce da gaskiya. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Lambar da aka ba Najeriya, Legas da Ogun da Anambra ne suka ɗaga ta. In mai buhu goma da wanda ba shi da ko tiya suka zauna a benci ɗaya, lissafi zai ce kowannensu yana da buhu biyar, amma ɗaya ne zai kwana da yunwa.

Da na koma na duba alƙaluman da ba su da ruwa da allo ko boko, ba su da ruwa da man fetur, sai layata ta tsinke. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce a cikin kowane yaro 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kai shekara biyar. A Ogun 30 ne. A Kebbi 252. Yankinmu na Arewa maso Yamma gaba ɗaya 187. Wato tsakanin jihohi biyu masu tuta ɗaya da fasfo ɗaya akwai ninki takwas. Ƙaramin kabari ba ya tambayar ko uban yaron da ajami yake rubutu ko da boko. Wannan tiyar ba a bubbuga mata gindi ba.

Ita kuwa Nijar, da duk talaucinta, ta yi wani abu da masana lafiya suka yi ta nazari. A 1998 yara 226 cikin 1,000 ke mutuwa kafin shekara biyar. Zuwa 2009 sun koma 128. A zamanin Shugaba Tandja Mamadou aka bi ƙauyuka ana gina ƙananan ɗakunan magani kimanin 2,000, ɗaki biyu da rumfa, aka horar da mutum guda a ajiye a kowane, wanda zai iya gane zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon haƙarƙari ya ba da maganinsu. Daga 2006 aka ce maganin yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, haka ma awon ciki. Aka raba gidajen sauro, aka bi gida-gida da sinadarin bitamin A. Yunwar 2005, wadda ta fi ƙamari a jihar Maraɗi, ita ta tilasta aka kafa wuraren jinyar tamowa irin wanda muka je. Ba wani babban gini a cikin duk wannan da za a yanka masa ƙyalle a talabijin.

Kada a ji haka a ɗauka aljanna ce a tsallake. Gwamnatin Yamai ta sha yin jinkirin biyan asibitoci kuɗin wannan kyauta har magani ya ƙare a kanta. Hannun baƙi ne ya riƙe wurin da ya ceci ɗan ƙanwata, kuma hannun baƙi ba ya dawwama. Ta fuskar makaranta kuwa sun fi mu shan wuya: a Nuwamban 2021 gobara ta tashi a ajujuwan zana a garin Maraɗi, yara sama da 20 suka ƙone. Su ma suna gangarowa Katsina da Kano neman babban likita da jami'a, kuma wutar da Yamai ta daɗe tana sha daga Najeriya ake ja. Kowa da inda takalminsa ke matsa masa.

Abin da ya sa misalin ya tsaya mini a wuya shi ne, mutanen can mu ne. Bayan jihadi, da Ummarun Dallaje ya karɓi birnin Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, zuriyarsu ta kafa Maraɗi, har yau kuma sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Turawan Ingila da Faransa ne suka zauna suka ja layi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, aka bi daji ana kafa turaku. Ruwan da dam ɗin Jibiya ke tarewa, na gulbin Gada, shi ne in ya tsallaka ake kira Gulbin Maraɗi. Da wuya ka sami gida a Daddara da ba shi da gwaggo ko suruki a tsallake. Saboda haka duk wanda ya ce mini al'adarmu ce ke kashe mana yara, ko addini, ko yawan haihuwa, sai in ce ya zo mu hau babur. Gaskiya ne binciken 2018 ya ce macen Katsina tana haihuwar 7.3 a matsakaici, mafi yawa a ƙasar, ta Legas kuwa 3.4, kuma ni da na ga abin da yaye ba shiri ya yi wa ɗan ƙanwata ba zan ce tazarar haihuwa ba ta da amfani ba. Amma a 2012 macen Nijar 7.6 take haihuwa, kuma a daidai wannan zamani suka rage mutuwar yaransu kusan da rabi. Da harshe ɗaya da alƙibla ɗaya da tuwo ɗaya suka yi shi.

To me ya hana mu? Na daɗe ina juya wannan, kuma inda na tsaya shi ne, mu masu son gina hasumiya ne. Tun hasumiyar Gobarau idonmu a sama yake. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da tsararsu, 'yan ƙalilan zaɓaɓɓu da suka riƙe ƙasa, kuma muna alfahari da su da gaskiyarmu. Amma a 1955 Obafemi Awolowo ya ce kowane yaro a Jihar Yamma ya shiga firamare kyauta, ɗan sarki da ɗan manomin koko. Mu sai a 1976, da shirin ilimin firamare na bai ɗaya, aka buɗe ƙofar ga kowa. Shekara 21 tsara guda ce cur, kuma ita ce tsarar iyayen waɗanda ke sama a jerin yau. Mu muka gina hasumiya, su suka shimfiɗa tabarma, shi kuwa ma'aunin Mahbub ul Haq ƙasa yake dubawa, inda jama'a ke zaune.

Halin bai bar mu ba. Jihar da ke ta biyun ƙarshe a jerin 2018 ta ba Najeriya shugaban ƙasa biyu a wannan jamhuriya, Umaru Musa 'Yar'aduwa daga 2007 zuwa 2010, da Muhammadu Buhari daga 2015 zuwa 2023. Muna da jami'a a Katsina da Dutsin-Ma da Daura, muna da filin jirgin sama. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu, ta ƙasar Jibiya zai ratsa. Ina son jirgin, zan hau shi in Allah ya kai mu. Sai dai na kan yi lissafin ma'aikacin jinya nawa kuɗin kilomita ɗaya zai ajiye a ƙauye, da albashi da ɗakin kwana, har ya daina zuwa ranar kasuwa kawai.

Wani abin da ya ƙara kwantar da mu shi ne sassauci. An sa sunanmu cikin jihohin da ke baya a ilimi, aka ware mana gurabe a jami'o'i, aka rage mana makin shiga makarantun sakandaren tarayya. Akwai shekarar da aka ce sai yaron Anambra ya ci 139 cikin 200, na Katsina kuwa 60 ya ishe shi. An yi haka ne don mu samu mu kamo, kamar sandar da ake ba mai karaya kafin ƙashi ya haɗe. Mu sai muka mayar da ita matashin kai. Kuma ɗan wa ke cin gurbin? Ba ɗan ƙanwata ba. Ɗan wanda ke birni ne, wanda dama makarantar kuɗi yake zuwa.

Nan ma wani rufin ne, domin abin da lambar Najeriya ke yi wa Katsina, shi lambar Katsina ke yi wa Jibiya. Ƙananan hukumomi 34 aka zuba a kwano ɗaya aka dama. Unguwannin manya na birni suna ciki, Shimfiɗa ma tana ciki, garin da mutanensa suka kwararo Jibiya a 2022 da tabarmi a ka saboda 'yan bindiga. Babu jadawalin da ya ɗauki abin da ya same mu a 'yan shekarun nan. A ƙarshen 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, muka koma sayen na jarka. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da tamu, mai naƙuda da dare ba ta da hanyar kiran ko ɗan acaɓa. Bodar Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022, aka sake garƙame ta bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, sai a Maris 2024 aka ce a buɗe. Kowace rufewa, akwai mai tura baro da mai tuwo-tuwo da yaron mota da suka koma gida hannu rabbana. Naira da muka taso muna yi wa sefa dariya da ita, yau jikka guda ta sefa ta haura naira 2,000. Mu kanmu ba a san yawanmu ba, tunda rabon da a ƙirga 'yan Najeriya tun 2006, lokacin da aka ce ƙaramar hukumar Jibiya tana da mutum kimanin 170,000. Duk abin da ake faɗa bayan nan kirdado ne.

Ba zan ce ba a motsa ba. Tun 2021 MSF ta buɗe wuraren jinyar tamowa a cikin jihar Katsina tare da ma'aikatar lafiya, har da Jibiya, mata da yawa sun huta da ratsa gonaki da asuba. Gwamnatin jiha ta Dikko Umaru Raɗɗa ta ce za ta gyara asibiti guda a kowace mazaɓa cikin 361 da jihar ke da su, na kuma ga sabon fenti da sabon kwano a wurare. Abin da nake jira in gani shi ne fitila a kunne da ƙarfe biyun dare, da mutum a ciki. Domin a Yulin 2025 ita MSF ɗin ta ce yara 652 sun rasu a wuraren jinyarta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, yawancinsu don an kawo su a makare. Wannan waɗanda suka iso ke nan.

Kawu ya rasu bai ga Akwa Ibom ba, ni ma ban taɓa zuwa ba. Na daina jin haushinta. In malaman yanzu suka kawo mini sabon jeri suna ɓacin rai, na kan karɓa in karanta har ƙasa, in tambayi tiyar da aka yi awon, sannan in nemi layin da ya shafi yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A kan wannan layin ba na gardama.

Yaron ya rayu. Da ya isa shiga aji ɗaya, ƙanwata ta dawo da shi Daddara wurin Inna, ni na kama hannunsa zuwa makaranta. Hedimasta ya buɗe rajista ya ce a kawo takardar haihuwa. Babu. A ɗaki aka haife shi, ungozoma ta yanke cibi, ba wanda ya rubuta komai a ko'ina. Na aika gida, sai ga ƙanwata da kanta da wata leda da ta ciro daga ƙasan adaka, a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Katin Ɗan Isa ne, ya yi laushi, gefensa ya fara cinyewa. Hedimasta ya juya shi sama ya juya ƙasa, duk Faransanci ne. Na nuna masa inda aka rubuta sunan yaron da na uwarsa, da watanninsa 14, da ranar da aka kwantar da shi, da nauyinsa ranar shiga da ranar fita, da sunan ƙauyensu, a gefe kuma an rubuta sunan ƙasarmu da irin rubutunsu. Ita ce kaɗai takardar da ta shaida cewa akwai shi a duniya, kuma wata ƙasa ce ta ba shi.

Hedimasta ya ƙirga watanni 14 baya a kan yatsunsa, ya rubuta ranar haihuwa a rajista, ya miƙa wa ƙanwata katinta. Ta mayar da shi cikin ledar, ta naɗe da ɗankwalin.